Ƙunshin littattafan Fatakwal: abin da na gani bayan na karanta

Akwai wata baiwar Allah a nan Jos da ke haɗa ƙunshin littattafai duk wata a kan marubutan gari guda. Ta WhatsApp ake yin oda, mai keke ya kawo maka har ƙofar gida. Na wannan watan na Fatakwal ne, littattafai uku da 'yar takardar bayani, kuma gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba.

Mu a Arewa in an ce Fatakwal, mai da matata ne ke fara zuwa mana a rai. Takardar ta tuna mini cewa Turawa sun kafa garin ne don fitar da kwal na Inugu ta teku, kuma a 1927 jirgin ƙasa ya haɗa shi da Jos ta Kafanchan, ya riƙa kwasar kuzarmu zuwa bakin ruwa. Garin da ya sha kuzarmu shi ne hukumar UNESCO ta naɗa babban birnin littattafai na duniya a 2014.

Wanda ya fi kama ni shi ne The Concubine na Elechi Amadi, wanda ya fito a 1966. Labarin Ihuoma ne, mace kyakkyawa mai hankali, wadda duk namijin da ya kusance ta sai ya halaka, saboda sarkin aljanun ruwa ya riga ya aure ta. Da na ba Inna labarin, cewa ta yi, "Ai namijin dare ke nan, Allah ya raba mu." Ba gaggawa a rubutun Amadi. Gaisuwa, kokawa, biyan sadaki, zuwa wajen boka, duk yana bin su a tsanake har ka ji kana zaune a ƙauyen.

Sozaboy na Ken Saro-Wiwa, na 1985, ya fi ciwo. Yaron mota ne, Mene, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa bai san dalilin yaƙin ba. Karanta shi da sanin cewa an rataye marubucin a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995 ya hana ni barci. The Voice na Gabriel Okara kuwa yana son haƙuri, kada sabon mai karatu ya fara da shi.

Ƙorafina biyu ne. Kwafin Okara da aka kawo mini bugunsa ya dusashe, wasu shafuka sai na kai su bakin taga kafin in iya karantawa. Da na yi wa mai haɗa ƙunshin magana ta ba ni haƙuri ta canza mini, na yaba da hakan. Sannan duka ukun maza ne, kuma duk sun rasu. Ina so in ga matan Fatakwal da matasanta masu rubutu yanzu a ƙunshi na gaba, kuma na faɗa mata haka.