Fuskar fota: mai roba, ƙarfe zalla ko mai tsaga, wacce ta ci kuɗinta?

Sanda 14 doka ta yarda ɗan golf ya saka a jaka, amma fota, wato sandar da ake tura ƙwallo cikin rami da ita, ita ce ta fi kowacce shan aiki. A fili mai rami 18 da aka ƙiyasta wa bugu 72, bugu 36 nata ne, bibbiyu a kowane rami. Shi ya sa masu wasa a filin golf na Dutse, da samarin ƙauyukan kewaye da suka fara da ɗaukar jaka har hannunsu ya faɗa, ba sa jin ƙyashin kashe kuɗi a kanta. Yawanci ta gwanjo ake samu, kuma mai sayarwa fuskar zai fara nuna maka, ya shafa ta da babban yatsa ya ce, “Yallaɓai, wannan ita ke kai ƙwallo rami da kanta.” Iri uku ne ke yawo a hannun mutane, kuma kowanne da abin da yake yi da wanda ake ƙara masa gishiri.

Mu fara da mai liƙin roba, wadda 'yan wasa ke kira insat. Wadda ta fi shahara ita ce White Hot ta kamfanin Odyssey, da ta fito a 2000, an yi ta da roba irin wadda ake lulluɓe ƙwallaye masu tsada da ita. Amfaninta biyu ne na gaskiya. Roba ba ta kai ƙarfe nauyi ba, don haka nauyin da aka rage a tsakiya sai a mayar da shi gefe da baya, kan sandar ya rage murɗewa idan bugu ya kauce. Na biyu kuma sauti. Abin da mutane ke kira taushi a hannu, yawancinsa kunne ne ke jin sa. Toshe kunnuwanka da auduga ka buga da fota biyu daban, za ka sha mamakin yadda bambancin zai ragu. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ƙwallayen da aka fi samu a nan masu tauri ne, na tsintuwa da na gwanjo, waɗanda idan suka haɗu da ƙarfe sai ka ji ƙwas kamar an jefi kwano. Roba tana kashe wannan ƙarar, hannu ya saki jiki.

Matsalarta zafi ne. Da gam aka liƙa ta, kuma but ɗin mota a watan Afrilu, lokacin da zafin Jigawa ke haura digiri 40 a inuwa, tanda ce. Gam ya yi laushi, gefe ɗaya ya ɗago, ƙurar hunturu ta shige ƙarƙashi. Daga nan sauti ya canza, ƙwallo ta riƙa fita da gudu daban-daban a bugu iri ɗaya. Kafin ka biya, bi gefen robar da farce ka ji ko akwai inda ya buɗe, sannan ka ƙwanƙwasa tsakiya da gefuna biyu da tsabar kuɗi. Inda ya yi ƙarar fanko, gam ya saki. Idan fara ce ta koma ruwan ɗorawa kawai, wannan tsufa ne, ba aibi ba.

Ta biyu ita ce wadda inji ya sassaƙa daga dunƙulen ƙarfe guda, irin ta Scotty Cameron, da yawanci ake yi da baƙin ƙarfe mara tsatsa mai lamba 303. Babu gam, babu abin da zai ɓare, jika ma zai gada. Sassaƙa mai zurfi tana rage inda ƙarfe ke taɓa ƙwallo, sauti ya yi ƙasa. Mara zurfi ta fi ƙara. Iyakarsa ke nan. Sabuwa tana haura dala 400, kuma jabunta ya cika kasuwa, ana gane shi da harufa masu kauri da fenti da ya zubo waje. Wasu tsofaffi da ƙarfe mai tsatsa aka yi su, damina ɗaya ta ishe su yin ja idan ba a goge su da ɗan mai.

Ta uku ce ake ta surutu a kanta, mai tsaga a fuska kamar Bagobiri. A nan sai an rarrabe, domin alƙawari biyu ne daban kamfanoni ke yi.

Na farko shi ne wai tsaga tana sa ƙwallo ta fara mirgina da wuri. Duk ƙwallon da aka buga da fota ba ta mirgina nan take. Tana ɗan tashi, ta ja ciki a ƙasa, sannan ta kama juyawa sosai bayan ta cinye kusan kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na tafiyar. TaylorMade ta karkata tsagin fuskarta mai suna Pure Roll digiri 45 zuwa ƙasa don ya kama bayan ƙwallo ya tura ta gaba, Odyssey ma ta fito da Microhinge a 2017 da manufa ɗaya. Kyamara tana nuna ɗan bambanci, ba ƙarya ba ne. Sai dai abin da ya fi iko da wannan jan cikin shi ne kwanciyar fuska, wato yadda ta ɗan kalli sama, da kuma inda hannunka yake a lokacin bugu. Yawancin fota digiri 2 zuwa 4 ne, doka ta tsaya a 10. Wanda ke tura hannuwa gaba da ƙwallo yana cinye wannan kwanciyar, ya danna ƙwallo cikin ƙasa ta yi tsalle. Wanda ya bar hannu a baya yana ƙara ta, ƙwallo ta tashi sama ta dira. Digiri biyu na kuskuren hannu ya shafe duk abin da tsaga ta ba ka.

Alƙawari na biyu ya fi ƙarfi, kuma shi ne kawai zan ce a biya kuɗi saboda shi. Idan ka bugi ƙwallo da gefen fuska, wajen dunduniya (gefen da ke kusa da ƙota) ko wajen baki (ɗaya gefen), gudunta yana raguwa, ta tsaya kafin rami. Kamfanin Ping da tsaginsa na TR, da kamfanin Evnroll na Guerin Rife, sun juya lissafin: sun sa tsaga ta fi zurfi ko faɗi a tsakiya, ta ragu zuwa gefe. Tsakiya ta ɗan rage ƙarfi, gefe ya riƙe nasa, sai bugun kirki da na kuskure su kusa zuwa wuri ɗaya. A bugun mita 2 ba za ka lura ba. A na mita 10 ko 12, inda kaucewar santimita ɗaya a fuska ke barin ka da saura mai tayar da hankali, yana rage yawan yin bugu uku a rami ɗaya. Amma ko nan, siffar kai tana yin kusan aikin. Tun 1966 Karsten Solheim, wanda ya kafa kamfanin Ping, ya raba nauyi zuwa dunduniya da baki a Ping Anser, kuma manyan kawuna masu faɗin baya na yanzu sun fi ta haƙuri da kuskure nesa ba kusa ba.

Abin da babu fuskar da za ta yi maka shi ne saiti. Faɗin rami milimita 108 ne, wato santimita 5.4 daga tsakiya zuwa baki. A nisan mita 3, fuska ta kauce digiri ɗaya tak, ƙwallo ta kauce kusan santimita 5.2, ta lashi baki ta wuce. Kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na inda ƙwallo ke dosa, inda fuska ta kalla ne ke yanke shi, ba hanyar da sanda ta biyo ba. Ƙwararrun Amurka ma, da duk kayan da ake ƙera musu, kusan rabi kawai suke sakawa daga ƙafa 8.

Sai maganar ƙasa. Duk waɗannan fuskoki don ciyawa mai santsi da aka aske ƙwal aka ƙirƙire su. A filin da ake amfani da yashi da aka cakuɗa da mai a madadin ciyawa, wanda ake kira burawun, ko a ɗan filin atisaye da mutum ya share a bayan gida ya zuba tataccen yashin rafi, ƙwallo tana ɗan nutsewa inda ta zauna. Tana buƙatar a ɗago ta, don haka digiri 4 ya fi 2, har 5 ba laifi. Yashi mai maiƙo kuma yana cika tsaga cikin rami uku ko huɗu, fuskar ta koma sumul kamar ba a taɓa tsaga ta ba, sannan yana karce roba. Tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu sun wadatar. Kada a kusance ta da fetur ko kananzir, suna cin gam da fenti. Buroshin waya kuma yana kashe kaifin tsaga. Tunda ƙwallo ba ta gudu a yashi, bugu yana da tsawo, kuma roba mai taushi sosai kan sa mutum ya riƙa gazawa. A nan ƙarfe zalla ko roba mai ɗan tauri ta fi.

Gwajin da ya kamata a yi kafin ciniki ba ya cin minti 20. Samu kafet a kan daɓen siminti da ya miƙe. Shafa alli a fuskar, buga ƙwallo 10 iri ɗaya zuwa nisan mita 6, kana duba tabon kowanne. Idan tabban sun taru a wuri kamar faɗin ƙwayar gyaɗa biyu, hannunka ya zauna, tsaga mai zurfin tsakiya ba za ta ƙara maka komai ba, ɗauki wadda sautinta ya yi maka. Idan sun bazu daga dunduniya zuwa baki, nemi babban kai mai irin wannan tsagar. Auna tazarar da ke tsakanin ƙwallon da ta fi nisa da wadda ta fi kusa. Fotar da ta fi matse wannan tazara ita ce taka, ko da ba ta da suna. Sannan kafa ƙusa biyu a ƙasa, santimita 5 tsakaninsu, taku ɗaya gaban ƙwallo. Kaurin ƙwallo kusan santimita 4.3 ne, don haka ƙofar ba ta da sassauci. Wadda ta fi bi ba tare da taɓa ƙusa ba ita idonka ke saitawa daidai. A ƙarshe zana layi kewaye da ƙwallo, sa wani ya durƙusa ya ɗauka da waya a hoton tafiyar hawainiya. Idan tana tsalle a farkon tafiya, kwanciyar fuska ce ko hannu, ba tsaga ba. A goge allin tas kafin a shiga gasa, doka ta hana shafa wani abu a fuskar sanda.

Duba tsawo ma, inci 33 zuwa 35 aka saba, kuma da yawa cikin na gwanjo sun yi wa mutanenmu tsawo, bakin sanda ya ɗaga sama, ƙwallo ta riƙa zuwa hagu ga mai bugu da dama. Idan an yanke ƙota inci ɗaya, kai zai ji kamar ya yi sauƙi. A liƙa tef na darma a ƙasansa har nauyin ya dawo yadda hannu ke so.

Ga mai wasa a ciyawa da ƙwallo mai tauri, White Hot ta gwanjo da gam ɗinta bai saki ba ta fi komai arha da amfani. Ga mai wasa a yashi, tsohuwar Anser ko makamanciyarta, ƙarfe zalla mai digiri 4, a canza mata mariƙi sabo. Mai tsaga mai zurfin tsakiya kuwa sai wanda alli ya nuna tabonsa a warwatse yake, kuma zai iya yawo da buroshi a aljihu.