Famfon sola na unguwarmu: ruwan ya yi, amma a gyara lokacin buɗewa da wurin ɗiba

Ni malamar firamare ce a wani ƙaramin gari a jihar Jigawa, idan an tashi makaranta kuma awara nake yi, yara suna kai wa masu shaguna. Duk wadda ta taɓa yin awara ta san ruwa take ci. A jiƙa waken suya, a wanke, a kai niƙa, a tace, a ɗora a wuta, a zuba ruwan tsami, sannan a dawo kan wanke tukunya da ƙyallen tata. Kwano biyu na wake ba ya barina ƙasa da jarka shida, ban da ruwan sha da girki da wankan yara. Saboda haka idan na yi maganar famfon sola da ƙaramar hukuma ta yi mana a farkon 2024, maganar wadda ke aika yara layi kullum ce, wata ran ma ni da kaina nake zuwa bayan magariba.

Kafin zuwansa tuƙa-tuƙa biyu gare mu, ɗaya ta daɗe da mutuwa har awaki sun mayar da dandamalinta wurin kwana. Akwai tsohuwar rijiya a bayan masallaci, amma ruwanta zartsi ne, sabulu ba ya kumfa a ciki, awara kuma idan an yi da shi sai ta fito da wani ɗanɗano da masu saye ke ƙorafi. Dole muke jiran 'yan ga-ruwa, su kuma a burtsatsen wani ɗan kasuwa suke saye, wanda janareto ke tayarwa. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta haura naira 500, sai jarkar da nake saye naira 30 ta koma 70, daga baya 100. Ban ga laifin 'yan ga-ruwa ba, su ma ƙarin aka yi musu, ga tura kura mai jarka goma sha biyu cikin yashi. Amma ribar awarata kusan rabinta a ruwa take tafiya.

Famfon kansa an yi shi da kyau, wannan zan faɗa a gaban kowa. Tankuna biyu ne a kan dogon gadon ƙarfe, farantan sola a jere an kewaye su da waya, kawunan famfo takwas a kan dandamalin siminti, sai kwata da ke kai ruwan da ya zuba cikin kwamin shayar da dabbobi, don haka wurin ba ya zama taɓo kamar yadda na gani a wasu garuruwa. Ruwan fari ne tas, ba wari ba zartsi. Ranar farko da na yi awara da shi, ina zuba ruwan tsami sai na ga ta dunƙule fara sol, na kira babbar 'yata na ce zo ki gani. Idan rana ta take, jarka ba ta minti biyu ta cika. A lokacin hazo ne ƙarfinsa ke raguwa, ƙura ta lulluɓe farantan, rana kuma ta yi rauni, sai ka ga ruwa yana zuwa siriri. Yaron da ke kula da wurin yakan hau da tsumma ya goge su duk bayan kwana biyu, kuma da ya goge za ka ji ƙarar ruwan da ke zuba a tanki ta canza.

Kuɗin jarka naira 20 ne. Makaranta da masallaci ba sa biya, haka tsofaffin da ke zuwa da ɗan bokitinsu. Yaron nan yana da littafi, duk jarkar da aka ɗiba sai ya ja layi, da yamma ya kai kuɗin wurin ma'ajin kwamitin ruwa. Abin da ya fi burge ni shi ne duk Juma'ar ƙarshen wata, bayan an sakko daga masallaci, ana karanta lissafin a ƙofar gidan mai unguwa: abin da ya shigo, abin da aka biya yaron da mai gadin dare, kan famfo nawa aka canza, abin da ya rage a asusu. Malam, maigidana, yakan dawo ya faɗa mini. Na ga ayyukan gayya da dama da suka watse a garin nan saboda kuɗi ya shiga aljihun mutum ɗaya an kasa tambayarsa don kunya. Wannan karatun lissafin shi ya riƙe famfon nan, kuma duk wanda ya kawo shawararsa Allah ya saka masa da alheri.

To sai dai wurin da aka kafa shi. Nan ne ciwon yake.

Lokacin da kansilan mazaɓarmu ya kawo labarin an saka mu cikin waɗanda za a haƙa wa burtsatse, mai shela ya zaga, aka taru a ƙofar gidan dagaci: masu unguwanni, liman, shugaban 'yan kasuwa, shugaban matasa, dattawa. Wuri biyu aka kawo, filin da ke gefen makarantarmu, tsakiyar gidaje, da kuma bakin kasuwa, tsallaken titi. Masu auna ƙasa sun zo da na'urarsu suka ce duka biyun akwai ruwa. 'Yan kasuwa suka ce ranar kasuwa mutane da dabbobi na shan wahala, kuma can ne za a fi samun kuɗin shiga da za a riƙa gyara da su. Hujja ce mai ƙarfi, ban ƙi ba. Kansila ya goyi bayansu, dagaci ya sa albarka, aka tashi. Babu mace ko ɗaya a wurin, ba kuma wanda ya koma gida ya tambayi matarsa kafin ya ɗaga hannu. Na tambayi Malam a daren, na ce, «Malam, cikin duk waɗanda suka yi magana, wa ya taɓa ɗora gammo a kansa?» Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce gaskiya maganar yara ba ta zo ba.

Yara kuwa su ne ke ɗiban ruwan. Yawancin matan unguwar nan ba sa fita, don haka 'yar shekara takwas, tara, ita za ta tsallaka titin da motocin kasuwa da babura ke bi, da jarkar da ta kusa kai nauyinta. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, a tuna. Na ga wata yarinya 'yar ajina ta tsaya a gefen kwalta, jarka a ka, hannu ɗaya ya riƙe ta ɗaya kuma ya riƙe ƙaninta, wuyanta yana rawa, tana jiran wata babbar mota mai buhunan riɗi ta wuce. Ruwa na zubo mata a fuska amma ba hannun da za ta share. Na karɓi jarkar na tsallakar da su. Ta ce, «Malama, kar ki faɗa wa Inna na tsaya, za ta ce wasa na yi.»

Sai maganar sa'a. Ana buɗewa ƙarfe tara na safe, a rufe da azahar, a sake buɗewa bayan la'asar har magariba. Dalilin taran shi ne da yamma 'yan ga-ruwa ke zuwa da kurayensu su ƙarar da tankunan, sola kuma ba ta aiki da dare, sai rana ta ɗaga ruwa ya sake taruwa. Mu kuwa kafin takwas ake shiga aji. Uwar da ba ta da ruwan girki za ta riƙe 'yarta har a buɗe famfo, yarinya ta iso makaranta goma saura ko goma ta wuce, darasin lissafi ya tafi. Ina da rajistar aji, na san sunayen masu makara, kuma kusan duka mata ne daga gidajen da ba su da kuɗin ga-ruwa. Maganin ba mai tsada ba ne: a rufe bakin tanki ɗaya da yamma, a bar shi cike ya kwana, a buɗe wa gidaje bayan asuba. Mun tura wannan saƙo ta bakin uwargidan mai unguwa, wadda muke Islamiyya tare. An gwada na mako biyu, makara ta ragu a ajina ƙwarai, sai 'yan ga-ruwa suka koka cewa ruwan yamma ba ya isarsu, kwamiti ya koma tsohon tsari saboda su ne ke kawo kuɗi mafi yawa. Su ma masu iyali ne, na sani. Amma da akwai mace a cikin kwamitin nan mai mutum tara, ba za a janye abin ba tare da an nemi tsakiya ba.

Babban gwajin ya zo cikin azumin 2025, a watan Maris, zafi ya fara. Sumo, wato injin da ke can ƙasan rijiyar yana turo ruwa, ya ƙone. Kwamiti ya duba asusu, abin da ke ciki bai kai rabin kuɗin sabo ba. Aka rubuta takarda zuwa sakatariya, mai unguwa da shugaban kwamiti suka kai da kansu. Zuwan farko aka ce ciyaman ya tafi taro Dutse. Na biyu aka ce takarda tana sashen ayyuka. Na uku aka ce musu ai tun ranar buɗewa an miƙa famfon ga al'umma, kuma babu kuɗin irin wannan gyara a kasafin bana. Kwana goma sha tara muka yi ba ruwa, ana azumi, jarka ta koma naira 120, na dakatar da awara gaba ɗaya. A ƙarshe karo-karo aka yi gida-gida, 'yan garin da ke neman kuɗi a Kano da Legas suka turo nasu, matan adashinmu muka ba da zubin mako guda. Zan yi adalci ga mutum ɗaya: ma'aikacin ƙaramar hukumar da ke gyaran famfuna ya zo a kan babur ɗinsa da bakin azumi, shi da yaransa biyu suka zaro bututu ɗaya bayan ɗaya har suka fito da tsohon, suka saka sabon, bai karɓi komai ba sai kuɗin mai. Ya kuma gaya wa kwamiti gaskiya, cewa injin ya ƙone ne saboda babu na'urar da ke kashe shi idan ruwan rijiya ya ja baya, a sayo a saka. An saka.

Ina koyar da ilimin zaman ƙasa a aji biyar da shida, don haka bayan wannan abu sai na koma na duba abin da nake karanta wa yara. Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, kwatoci da hanyoyin cikin gari, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a harkar firamare da lafiya. Ba a ambaci ruwan sha da sunansa ba, shi ya sa idan famfo ya mutu kowa yana da wanda zai nuna. Kuɗin kuma, kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya ne rabon ƙananan hukumomi 774, 27 daga ciki namu na Jigawa, kuma shekaru da yawa ta asusun haɗin gwiwa na jiha suke bi kafin su iso. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa biyansu kai tsaye, ta kuma ce kwamitin riƙo ba shi da gurbi a madadin zaɓaɓɓu. Na yi murna da hukuncin, albashina ma ai daga wannan kason ake cire shi. Amma wata takwas bayansa muka tsaya da jarkoki babu ruwa, kuma ba wanda ya iya ce mana ga layin da aka rubuta gyaran famfo a cikin kasafi. Abin da nake so daga majalisar kansiloli ƙarami ne: a manna kasafin mazaɓa a bangon makaranta ko na asibiti yadda kwamitinmu ke karanta nasa lissafin, a kuma rubuta a takarda wane gyara ne na al'umma, wane ne na ƙaramar hukuma, tun kafin a yanka ƙyallen buɗewa.

Idan wata unguwa ta tambaye ni ko su karɓi irin wannan famfon, zan ce su karɓa hannu bibbiyu. Ya fi tuƙa-tuƙa nesa ba kusa ba, ba ya shan mai, kuma ni kaina abin da nake kashewa a ruwa ya koma kashi ɗaya cikin biyar. Su dai tambayi mata kafin a soke ƙasa, su ware kuɗin sumo daban tun watan farko kada a taɓa shi ko da kan famfo ya karye, su kuma tabbatar an saka na'urar kashe injin.

Mu a nan yanzu maganar da ke gaba ita ce jan bututu daga tanki ya ratsa ƙarƙashin titi zuwa filin makaranta, a kafa kawuna huɗu a can. Matasa sun ce su za su yi haƙan kyauta, matan adashi mun yi alkawarin siminti buhu biyar, saura izinin fasa kwalta da kuɗin bututu, takardar tana hannun kansila. Mai unguwa ya aiko cewa a taron ƙarshen watan nan za a shimfiɗa wa mata tabarma a zaure, mu faɗi namu da bakinmu. Malam ya amince in je. Zan tafi da rajistar ajina, in karanta musu adadin kwanakin da kowace yarinya ta makara a zangon nan, da na makonni biyun da aka bar tanki ya kwana cike.