A ɗaga jirgi tudu ko a gangara Fulorida: wanne ya fi wa mai jirgi a Chesapeake?

Wani ɗan uwa mazaunin jihar Maryland a Amurka ya tambaya: ya sayi jirgin ruwa mai filafilai, tsawonsa ƙafa 34, da injin dizal, yana ɗaure a mashigin Chesapeake. Ga kaka ta shigo. Ya ɗaga shi tudu ya yi masa shirin sanyi ne, ko ya bi ayarin masu gangarawa kudu?

Malam, kowanne ka ɗauka sai ka yi gyara a watan Oktoba. Mai ajiyewa yana kare jirgi daga ƙanƙara. Mai tafiya yana shirya injin da zai yi aikin wata guda a jere.

Mu fara da mai ajiyewa. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ƙarfen inji ba ya miƙewa, tsagewa yake yi. Don haka aikin gaba ɗaya farautar ruwa ne a duk inda ya ɓuya. A fara da kunna inji ya yi zafi, a juye baƙin mai, a sa sabo da sabuwar filta. Tsohon mai yana ɗauke da danshi da tsami, idan ya kwana wata biyar a ciki sai ya ci ƙarfe. Daga nan a rufe bawul ɗin da ke shigo da ruwan teku, a cire tiyonsa a tsoma cikin bokiti mai maganin daskarewa, a kunna inji ya zuƙa. Galan 2 zuwa 4 kan ishi ƙaramin inji. Kada a kashe sai an ga maganin yana fita ta salansa da cikakken launinsa, ba tsarki-tsarki ba.

Maganin da ake nufi shi ne na propylene glycol, wanda yawanci launin hoda ne. Na lagireton mota, ethylene glycol, guba ne, ba a zuba shi a bututun ruwan sha, ba a kuma sakinsa cikin teku. Lambar da ke jikin jarka, -50 ko -100 a ma'aunin Faranhait, tana nuna sanyin da bututu zai fashe ne, kuma lissafin na maganin da bai gauraya ba ne. Ragowar ruwan da ke cikin inji yana tsinka shi. Shi ya sa muke cewa a sa wa inji mai -100, a bar mai -50 wa famfuna. Akwai wani tarko a tsofaffin injinan da ruwan teku ke ratsa cikinsu kai tsaye: idan inji bai yi zafi ba, tamostat, wato bawul ɗin da zafi ke buɗewa, yana rufe, maganin ya bi ta gefe ya fice ta salansa, mutum ya ga hoda ya yi murna alhali cikin injin cike yake da ruwa. Irin wannan sai an kwance kusoshin tsiyayewa tukuna.

Mai tafiya kudu ba ya buƙatar ko galan ɗaya na wannan, amma lissafinsa ya fi tsawo. Hanyar ruwa ta cikin gaɓa, wadda ake kira ICW, tana farawa daga mil 0 a Norfolk ta jihar Bajiniya, Miyami kuma tana wajen mil 1,090. Sunan tafiyar filafilai kawai take ɗauke da shi. Mafi yawanta a kan inji ake yi, domin hanyar siririya ce. A mil 50 kullum, kwana 22 ke nan na tafiya zalla, idan aka haɗa da jiran iska da hutu sai ta kai wata guda zuwa mako shida. Injin zai yi awa 160 zuwa 180, wato abin da wasu ke yi a shekara biyu. Za a canja baƙin mai a hanya aƙalla sau ɗaya. A tafi da imfela biyu (ƴar fankar roba ta cikin famfon ruwa), bel, da filtar dizal huɗu ko fiye.

Filtar nan mu tsaya a kanta. Jirgin da ya daɗe a ɗaure, dattin da ƙwayoyin cuta ke tarawa inda ruwa ya haɗu da dizal yana kwance lafiya a gindin tanki. Ranar da aka shiga mashigin Albemarle Sound a Karolina ta Arewa, inda ruwa ba zurfi kuma igiya ke zuwa gajeru a jere, sai tankin ya girgizu, dattin ya tashi ya toshe filta, inji ya mutu a daidai wurin da aka fi buƙatarsa. Mai tafiya ya wanke tanki kafin ya tashi, ya kuma koyi fitar da iska daga bututun mai da hannunsa. Mai ajiyewa kuwa cika tanki kawai zai yi zuwa kusan kashi 95, ya zuba maganin kashe ƙwayoyin, don kada raɓa ta sami wurin taruwa.

Sai ma'auni biyu da ke yanke hukunci tun kafin a yi maganar kuɗi. Na farko tsawon sandar filafilai daga saman ruwa. Gadojin da ba sa buɗewa an gina su a ƙafa 65, sai ta Julia Tuttle a Miyami mai ƙafa 56. Wanda ya fi haka sai ya fita teku ta Fort Lauderdale. Jirgi mai ƙafa 34 yawanci yana wucewa, amma a auna har da eriyar da ke sama. Na biyu zurfin da jirgi ke nutsawa. A takarda hanyar ƙafa 12 ce har Fort Pierce a Fulorida, amma yashi da laka ba su san takarda ba. Lockwoods Folly a Karolina ta Arewa, da Little Mud River da Jekyll Creek a Jojiya, duk wuraren da jirage ke kafewa ne. A Jojiya ruwa kan hau ya sauka da ƙafa 7 zuwa 9, don haka a shiga waɗannan wurare lokacin da ruwa ke hawa, in an kafe ya ɗaga ka. Bayan Norfolk hanyar ta rabu biyu. Magudanar Dismal Swamp kyakkyawa ce, amma zurfinta wajen ƙafa 6 ne ga kututturai a nutse. Mai shakka ya bi ɗaya hanyar, ta Great Bridge. Alamun hanyar suna ɗauke da ɗan tambari rawaya: mai kusurwa uku a bar shi dama idan ana kudu, mai kusurwa huɗu a hagu, ko da wane launi ne allon.

Lokaci ma ya bambanta. Mai ajiyewa yana so ya gama kafin tsakiyar Nuwamba. Mai tafiya yana tsakanin abu biyu: lokacin guguwar Atilantika ba ya ƙarewa sai 30 ga Nuwamba, kuma inshora da yawa ba ta yarda a wuce wani layi na kudu kafin 1 ga Nuwamba ba, ga sanyi na biye da shi a baya. Karanta takardarka, layin a rubuce yake.

Sauran aikin mai ajiyewa ƙanana ne, amma su aka fi mantawa. A zubar da tankin ruwan sha, a kewaye tukunyar ruwan zafi da tiyo don kada ta shanye galan 6 a banza, a buɗe kowane famfo har hoda ta fito, har da na wanka a bayan jirgi. A kwashe tankin bayan gida. A cire imfela, domin fukafukan robarta suna lanƙwashewa idan sun zauna wuri ɗaya. Batir ya cika zuwa bolt 12.6 a cire wayarsa. Wanda ya sauka shi ke daskarewa ya fashe. Rufin leda ya sami kafofin iska, in ba haka ba fumfuna ta cinye katifu. Kada a taɓa ɗaure igiyar tamfol a jikin ƙarafan da ke tallafe da jirgi, iska za ta fizge su.

Ra'ayinmu, tunda bana ka saye shi, ka ɗaga shi tudu. Ba ka san tankinsa ba tukuna, ba ka san shekarun tiyoyinsa ba, kuma a tudu ne kaɗai za ka ga gindinsa. Ka girgiza sandar farfela: in tana motsi gefe da gefe, robar da ke riƙe da ita ta cinye. Tutiyar da ke kare ƙarfe daga cin gishiri in ta ragu da rabi a canja. Kowane bawul na ƙarƙashin ruwa ka buɗe ka rufe, wanda ya ƙage a kwance shi yanzu. Idan waɗannan suka fito lafiya, baɗi a ƙarshen Oktoba ka isa Norfolk da filtoci a akwati.