Cin osh a Samarƙand: ƙaramin gidan abincin unguwa ko babban na kusa da Registan?

Alhaji, ka tambaye ni inda za ku ci osh, shinkafar nan ta ƙasar Uzbekistan, a birnin Samarƙand. Tsakanin babban gidan abincin da ejan ɗinku ya sa muku a jadawali kusa da Registan, dandalin tsoffin madarasu na tsakiyar gari, da ƙaramin gidan osh na cikin unguwa, ka ɗauki na unguwa. Tunda yini ɗaya za ku yi a Samarƙand bayan ziyarar Imam Bukhari, kada ka ba da wannan azahar ga wurin da ake sauke baƙi mota-mota.

Osh, wanda Rashawa ke kira plov, abinci ne mai lokaci. Mai dafa shi, oshpaz, tun da sassafe yake hura itace a ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da suke kira ƙazan. Zai narka kitsen jelar rago, irin tumakinsu masu tara kitse a baya, ya haɗa da mai, ya soya manyan tsokokin nama da albasa. Sai ya shimfiɗa karas a kai, wanda aka yanka dogo-dogo da wuƙa, tuli guda har ka ce ya yi yawa. Galibi rawayan karas ne, ba jan da muka saba da shi ba. A bar wannan haɗin ya yi ta ɓararraka a hankali da zira, wato kammun. Daga baya a baza shinkafa a sama, ba a juyawa, a bari ruwa ya tsotse, a tara ta tsibi, a huhhuda ta da sanda don tururi ya samu hanya, a rufe. Wajen ƙarfe 11 da rabi ake buɗewa. Kafin ƙarfe 2 an kai gindin tukunya, wanda ya makara sai gobe. To duk inda ka ga ana miƙa maka osh da ƙarfe 9 na dare, a cikin takardar abinci shafi-shafi har da pizza, ka san ba daga wuta ya fito ba.

Na shiga irin babban wurin. Akwai na'urar sanyaya ɗaki da bayi mai tsafta, takardar abinci da Turanci, kuma suna karɓar kati. Abin da aka kawo mini ɗumame ne, mai ya kwanta a gindin faranti, kuɗin kuma ya ninka. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

Wanda nake yabo yana cikin lungunan da ke bayan kasuwar Siyob. Mai gidan baƙin da na sauka ne ya kwatanta mini, ya ce in nemi ƙofar da fararen motocin Chevrolet na 'yan tasi suka yi cirko-cirko a gabanta, domin direba ba ya cin abinci inda ba a iya ba. Ƙazan ɗin a bakin ƙofa yake, kowa na ganin abin da za a zuba masa. Wani dattijo mai farar riga yana tsaye a kai da matsami, yaronsa na gefe yana yanka nama a kan katako. A ciki tebura ne 'yan kaɗan, sai wani gadon katako a tsakar gida, an shimfiɗa masa katifu marasa kauri da ɗan gajeren tebur a tsakiya, ana cire takalmi a hau. Babu wurin zama, sai wasu dattawa suka muskuta suka yi mini nuni da hannu. Da na yi sallama gaba ɗayansu suka ɗora hannun dama a ƙirji suka amsa. Babu mai jin Turanci a cikinsu, amma da na ce Najeriya, na ce Imam Bukhari, sai fuskoki suka saki. Babbansu ya ɗauki gurasa ya kakkarya da hannu, ya ajiye rabo mai tsoka a gabana, yana ta cewa "oling, oling", wato in ci.

Sannan farantin ya iso. A Samarƙand ba a cakuɗa osh, yadda aka jera shi a tukunya haka ake juyo shi: shinkafa a ƙasa, farar ƙal, kowace ƙwaya a warwatse tana sheƙi, karas a bisanta ya yi lugub yana zaƙi, nama a can sama yana rabuwa da cokali. An watsa zabibi da wani zagayayyen wake da suke kira noxat. Kada ka sa rai da dafa-duka, domin babu tumatir a ciki, babu attaruhu, babu dunƙule. Ɗanɗanon duk daga kitse da karas da zira yake fitowa, kuma a loma ta uku za ka gane bai rasa komai ba. Ƙanshin da ya bambanta na wannan gari shi ne na wani baƙin mai da suke kira zigir, wanda ake matsewa daga irin kittani. Yana da ɗan ɗaci-ɗaci mai daɗi, kuma manyan wurare da yawa ba su damu da shi ba. A gefe akwai achichuk, tumatir da albasa da aka yanka sirara kamar takarda, wani lokaci da ɗan barkono. Shi ke yanke maiƙon, kada ka ce ba ka so. Da muka gama babban cikinsu ya ɗaga hannu ya yi addu'a, kowa ya shafa, da ni a ciki. Oshpaz ɗin da kansa ya baro tukunya ya zo ya tambaye ni da hannu ko na ƙoshi. Har yau in na tuna Samarƙand, dattawan nan nake fara tunawa kafin gine-gine.

Wannan zama shi ne ainihin abin. Da UNESCO ta sa osh, da sunansa na palov, a jerin al'adun duniya a 2016, ba girkin kaɗai ta duba ba, har da yadda yake tara mutane. Da shi suke suna, da shi suke biki, da shi suke sadakar mamaci. A Tashkent, babban birnin ƙasar, akwai osh ɗin asuba, inda maza ɗaruruwa ke hallara bayan sallah a gidan biki, su ci bibbiyu a faranti ɗaya, a yi addu'a, a watse kafin rana ta ɗaga. Kai baƙon yini ɗaya ba lalle ka dace da gayyata irin wannan ba, amma gidan osh na unguwa shi ne mafi kusa da ita.

Ga abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi komai muhimmanci a wurinmu: naman doki. Suna yin wani abu mai suna ƙazi, naman doki da kitsensa a ɗure cikin hanji, a dafa, a yanka fale-fale a ɗora bisa osh. A wurinsu karramawa ce, kuma ya fi sauran nama tsada. Su Hanafiyya ne, kuma malamai sun yi saɓani a kan mas'alar, amma mu da muka tashi a kan Risala da Muhtasar mun san mashhurin Malikiyya hani ne. In kana gujewa ka faɗa tun kafin a zuba, ka ce "ƙazisiz", za a gane. Haka norin, taliya sirara da ake ci da sanyi, wadda aka fi sani a Tashkent, yawanci da naman doki ake yin ta. Ƙwan salwa da dunƙulen tafarnuwa da ake ɗorawa ba su da matsala, tafarnuwar ma ta nuna ta zama kamar man shanu a baki. A nan ma ƙaramin wuri ya fi sauƙi, don kana tsaye ake haɗa maka farantinka. Sannan yawancin gidajen osh na rana shayi kawai suke da shi, alhali manyan wuraren dare ana sayar da giya da kiɗa mai ƙarfi, kai kuma da iyali za ka je.

Gurasarsu ta tanderu ba a kifa ta, ba a ajiye ta a ƙasa, kuma da hannu ake karya ta. Ta Samarƙand nauyi gare ta, cikinta a cushe, tana daɗewa ba ta lalace ba, shi ya sa matafiya ke yin tsaraba da ita. Shayi kuwa kore ne, babu madara. Za ka ga an zuba a 'yar tasa an mayar cikin buta har sau uku kafin a miƙa maka, kuma rabi za a zuba. Ba rowa ba ce, so ake a yi ta ƙara maka da zafinsa. Su ba sa bin osh da ruwan sanyi, ni ma na bi su na ji daɗin cikina. In akwai mai hawan jini ko wanda likita ya hana kitse a cikinku, a nuna wa oshpaz ya ɗebo daga saman tukunya, kuma a nemi ƙaramin faranti, don cikakkensu ya fi ƙarfin mutum da yawa.

Ku tsara fitarku da wannan lokaci a zuciya. Kabarin Imam Bukhari yana ƙauyen Hartang, inda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, kimanin kilomita 25 daga gari. Ku tafi da sassafe, ku dawo kafin ƙarfe 12, ku ci, sannan ku yi Registan da tsohuwar maƙabartar Shahi Zinda da la'asar. Alhamis ita ce ranar osh a wurinsu, tukunya na saurin ƙarewa. In kun tarar ya ƙare kada ku koma babban wurin don haushi. Ku nemi somsa, wato samosarsu, mai zafi daga tanderu, ko manti, ƙullin fulawa mai nama a ciki da aka turara, ko lagman, taliyar da ake ja da hannu a cikin romo, ko tsirensu da albasa mai tsami. In tafiya ta kai ku Tashkent, nasu osh ɗin a cakuɗe yake, ya fi zabibi da noxat. Na Bukhara kuma, oshi sofi, daban ake tafasa shinkafarsa, ya fi sauƙi a ciki.

Mutanen ƙasar masu son baƙo ne ƙwarai, amma ko'ina akwai masu ci da gumin baƙo. Wani ɗan tasin zai ce maka wurin da ka ambata a rufe yake, ya kai ka inda ake ba shi la'ada. Ka sa manhajar kiran tasi ta Yandex Go a wayarka, farashi na fitowa tun kafin ka shiga mota. Inda babu farashi a rubuce ka tambaya kafin a zuba, a rubuta maka a waya in harshe ya gagara. A manyan wurare ana ƙara kuɗin hidima, kashi 10 zuwa 15 cikin 100, wani wurin ya fi haka, kuma duk abin da aka jera a tebur ba ka nema ba, su goro-goron nan da ƙazi da salak kala-kala, zai iya fitowa a rasit. Ka ce a ɗauke tun da wuri.

A kasuwa kuma ka yi hattara da za'afaran. Wasu na sayar da furen wata ciyawa mai launinsa da sunan na gaske, buhu-buhu da araha. Na gaske zare-zare ne ja wur, da giram ake auna shi, kuma ba ya araha a ko'ina. Zabibi da busasshen ɗan itacen nan mishmish (apricot) ka ɗanɗana, ka tsaya a ɗebo maka daga wanda ka ɗanɗana ɗin, idonka a kan ma'auni. Kuɗinsu, som, sifili ya yi masa yawa, baƙo na saurin miƙa takardar 100,000 a madadin ta 10,000. Ka yi canji a banki, ka ware ƙananan takardu a aljihu ɗaya, domin gidan osh na unguwa tsabar kuɗi ya fi so.