Kafin ki biya kuɗin koyon magana: zaɓin da ke gaban uwar yaro mai lalurar Down

Uwar da aka gaya wa ɗanta yana da lalurar Down, wadda wasu ke cusawa cikin abin da suke kira galahanga, ba ta rasa masu shawara. Wannan ya ce a kai shi cibiya kaza, wancan ya turo hoton wani magani daga waje, gwaggo kuma ta ce a ƙyale shi, bakinsa zai buɗe da kansa. Ga shi kuɗin gida ba ya kai ko'ina. Ina za a sa shi?

Lalurar tana zuwa ne daga ƙwayar gado ta 21, yaro ya zo da uku maimakon biyu, kuma babu abin da ke cire ƙarin. Yaran sukan gane magana fiye da yadda suke iya furta ta, idonsu kuma ya fi kunnensu riƙe abu. Saboda haka a shekarun farko ba "Umma" da "Abba" ake farauta ba tukuna. Ana so yaro ya dubi kyanwa, ya dubi fuskarki, ya sake duban kyanwar. Ana so ya nuna da yatsa, ya miƙo miki ludayi ya jira ki mayar masa. A kan wannan ba-ni-in-ba-ka ake ɗora magana, kuma da wasa ake koyon sa. Duk abin da za ki saya, da wannan za ki auna shi.

Kuɗin farko dai na kunne ne. Fiye da rabin yaran nan suna samun raunin ji, galibi saboda ruwa mai kauri da ke taruwa bayan dodon kunne ba tare da ciwo ba. A gwada ji a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ko sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa irin na Aminu Kano ko na Shika. A duba zuciya ma, don kusan rabinsu ana haifarsu da matsalarta. Biyan mai koyar da magana alhali yaro yana jin ki kamar daga ƙarƙashin ruwa, zuba ruwa ne a kwando.

Daga nan sai ƙwararren mai koyar da magana, wanda zai zauna da yaro shi kaɗai. Amfaninsa a fili yake: ya san inda yaro ya tsaya da matakin da ke gaba, yana kuma duba tsotso da tauna, tunda jijiyoyin bakin yaran suna da laushi. Sai dai ba su da yawa, a manyan birane suke, ga kuɗin mota, ga layi. A Najeriya hukumar MRTB, mai kula da ƙwararrun gyaran magana da gashin ƙashi, ce ke yi musu rajista, kuma ba rashin kunya ba ne ki nemi ganin shaidar. Abin da ya fi damuna da wannan zaɓi shi ne lissafi: mako awa 168 ne, ke kuwa awa ɗaya kika saya. Paul Yoder da abokan aikinsa a Amurka sun kwatanta zama ɗaya a mako da zama biyar, suka ga yara masu Down da suka samu biyar sun fi tara kalmomi. Wa zai iya biyan biyar? Don haka idan aka karɓi yaron aka rufe ƙofa aka bar ki a benci, an tauye miki abin da kika biya. Mai kyau zai ce ki shigo, ki gani, ki gwada a gabansa.

Wannan ya kawo mu ga zaɓin da na fi karkata gare shi, wato a horar da mutanen gida. Shirin Hanen, wanda aka fara a Kanada a 1975, ginshiƙinsa uku ne: ki lura, ki jira, ki saurara. Portage, daga jihar Wiskonsin ta Amurka tun 1969, mai horarwa ne ke zuwa gida. JASPER na Connie Kasari a Jami'ar Kalifoniya an tsara shi ne tun farko don yara masu otizim, lalurar da ke shafar mu'amala da magana, daga baya aka gwada shi da masu Down. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da nata horon masu reno, na yara 'yan shekara 2 zuwa 9, zama tara cikin rukuni da ziyarar gida uku, kuma tun 2022 akwai shi kyauta a intanet ga mai jin Turanci.

Sunayen sun bambanta, amma aikin kusan ɗaya ne. Ki sauke shi daga baya, don goyo da daɗi amma ba ya ganin bakinki a can. Ku zauna a tabarma fuska da fuska. Idan ya ɗauki murfin tukunya yana bugawa, kada ki ƙwace ki ba shi abin da ke kike so, ki ɗauki naki murfin ki buga, sannan ki tsaya. Ki rufe fuska da mayafi, ki buɗe, ki sake rufewa, ki yi shiru ki ƙirga goma a zuci. In ya ja mayafin, ko ya yi gwaranci, to ya yi magana ke nan, ki amsa masa. Jiran nan ne ke ba iyaye wuya, mun saba cike wa yaro baki kafin ya buɗe.

A nan gidan Bahaushe yana da jarin da ba a saye. Yiwuwar lalurar tana ƙaruwa da shekarun uwa, shi ya sa sau da yawa yaron auta ne, ga yayye cike da tsakar gida. In kuwa ɗan fari ne, uwa tana alkunya, to a tura kaka ko ƙanwar uba wurin horon tare da ita. Yaya 'yar shekara goma da ta iya jira ta fi abin wasa mai batir nesa ba kusa ba.

Amma kada a yi miki daɗin baki. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya ta auna ƙarfinsa, ta fitar a 2018 ta samu bincike uku kacal, da yara 45, a kan horar da iyayen masu Down, ta ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba. Dalilina na zaɓar sa shi ne araha, da yawan maimaici, da kuma cewa da Hausa za a yi shi. Duk wanda ya yi miki alkawarin yaro zai yi magana cikin wata uku, ki riƙe jakarki da kyau.

Ishara da hannu fa? Iyaye kan ji tsoron za ta hana baki buɗewa. Ba ta hanawa, muddin ana haɗa ta da furta kalmar, kuma a kan haka aka gina Makaton, tsarin haɗa ishara da magana, a Ingila tun shekarun 1970. Ba sai kin sayi littafi ba. Ku tsayar da alamar "ci", "sha", "ƙara" da "ya ƙare", kowa a gidan ya yi iri ɗaya.

Makaranta: ajin renon unguwa yana ba shi yara masu surutu da zai kwaikwaya, cibiya ta musamman tana ba shi malamin da ya san lalurar. Ki je ba sanarwa, ki ga ko yara suna ƙasa suna wasa ko an jera su gaban talabijin.

Katunan hoto irin See and Learn suna da kyau, amma na Turanci ne. Ki wanke hotunan Abba, kaka, akuya da buta, kin samu naki. Manhajar waya ba ta duban yaro ta amsa masa. Haɗe-haɗen bitamin masu tsada da allurar ƙwayoyin halitta da ake tallatawa kuwa, babu wanda aka tabbatar yana buɗe baki.

Kowanne kika zaɓa, ki ɗauki bidiyon minti biyar na wasanku a ranar farko, ki rubuta alamu da kalmomin da yake da su a bayan littafi. Bayan wata uku ki sake ɗauka a kan tabarmar nan da murfin tukunyar nan, ki kai wa mai horarwar duka biyun ku kalla tare kafin ki biya zango na gaba.