Wata Guda Ina Neman Kakan Surukina, Mahaucin Landan

Surukina Bature ne, ya haura tamanin, kuma tun da na auri 'yarsa yake ba ni labarin cewa zuriyarsu mahauta ne a Landan. Ba shi da wata shaida sai tsohon ƙarfen wasa wuƙa da ya gada, wanda mariƙinsa ya yi sulɓi saboda yawan riƙo. Da ciwon ƙafa ya zaunar da shi bara, na ce masa, "Baba, bari in nemo maka mutumin nan." Na biya kuɗin wata guda a ɗaya daga cikin manyan shafukan binciken salsala na intanet, kuma ga yadda ta kaya.

Farkon aikin ya tafi sumul. Ƙidayar jama'ar Ingila ta 1841 ce ta fara kawo sunan kowa da kowa, ta 1851 kuma ta ƙara da garin haihuwa. Cikin dare biyu na bi su ɗaya bayan ɗaya har na isa ga wani tsoho da aka rubuta mahauci a gaban sunansa, yana zaune kusa da kasuwar Smithfield.

Daga nan aikin ya koma na haƙuri, kuma nan ne kuɗina suka yi amfani. Shafin yana da hotunan rajistar harajin koyon sana'a ta 1710 zuwa 1811, wadda asalinta ke ajiye a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew. A zamanin nan iyaye kan biya maigida kuɗi kafin ya karɓi yaro, gwamnati kuma ta yanki nata: sisi a kowane fam, in kuɗin sun wuce fam 50 kuma sule guda a kowane fam. Sai da na tsaya na sake karantawa, domin sisi da sule ne kakata take lissafi da su har ta koma ga Allah. Shafin rajistar layi-layi ne da tawada mai ruwan ƙasa: sunan maigida, sana'arsa, inda yake zaune, sunan ɗan koyo, sai kuɗi a gefe.

Na sami tsohon nan a rajistar, lokacin yana yaro ɗan koyo, amma da ƙyar. Wanda ya kwafe sunayen zuwa na'urar bincike ya ɗauki doguwar "s" ta tsohon rubutu a matsayin "f", sunan ya fito wani iri. Kwana uku ina bugawa ana ce mini babu. Sai da na nemi sunayen mahautan unguwar, na riƙa buɗe hotunan da kaina, sannan na gan shi. Na tura musu gyara, shiru har yau, kuma wannan ya ɓata mini rai, domin wani zai zo ya nema ya juya hannu rabbana. Haka kuma suka sake cire mini kuɗin wata na biyu ba tare da wata sanarwa da na gani ba. Duk mai shiga ya kashe sabuntawar tun ranar farko.

Rajistar kanta tana da iyaka. Daga wajen 1752 an daina rubuta sunan mahaifin yaro, kuma namu ya shiga koyo bayan haka. Marayu da 'ya'yan talakawa da hukumar coci ta kai koyo ba a biya musu harajin ba, wanda ya koya a hannun ubansa ba kuɗi shi ma ba za ka same shi ba.

Takardun 'yancin birnin Landan, waɗanda suka faro daga 1681, su suka raba gardama. A zamanin nan, kafin mutum ya sami 'yancin buɗe shagon kansa a cikin birni sai ya zama ɗan wata ƙungiyar sana'a, ko ta gado, ko ta saye, ko ta gama koyo na aƙalla shekara bakwai. Ta mahauta tsohuwa ce, Sarki James na Ɗaya ya ba ta takardar izini a 1605. Namu ta hanyar koyo ya shiga, don haka yarjejeniyarsa tana cikin takardun. An hana shi aure, an hana shi karta da caca, an hana shi zaman mashaya har wa'adin ya cika, maigida kuma ya ɗauki ci da sha da tufafi da makwanci. A samanta ga sunan mahaifinsa da ƙauyensu: manomi ne. Ashe da wannan yaro fawa ta shiga gidan. A wurinmu, inda fawa gado ce kuma Sarkin Pawa ya san ɗan wane da jikan wane, da baki za a ba ka wannan labari.

Na buga yarjejeniyar a babbar takarda na kai wa Baba. Ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a kan sa hannun yaron, haruffa manya-manya a karkace, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya kira babban ɗana ya ce ya ɗauko masa ƙarfen nan daga kicin. Littattafan ƙungiyar mahautan suna ɗakin karatu na Guildhall, kuma mun shirya in kai shi a keken guragu da zarar sanyi ya lafa.