Sharhi Kan Manhajar Nextdoor: Amfaninta da Iyakarta a Unguwannin Masu Gidaje na Amurka

Duk wanda ya sayi gida a sababbin unguwannin da ke kewaye da birnin Houston na jihar Texas, irin su yankunan Katy da Sugar Land da Cypress, zai tarar da kansa cikin wata ƙungiya ko yana so ko ba ya so. Ita ce ƙungiyar masu gidaje, wadda Amurkawa ke kira HOA a taƙaice, kuma shiga cikinta sharaɗi ne da ke rubuce a takardun filin tun kafin a aza tubalin farko. Ƙungiyar tana karɓar kuɗi daga kowane gida, tana kula da wurin ninƙaya da filin wasan yara da furannin mashigar unguwa, tana kuma da ƙa'idoji kan launin fenti da tsawon shinge da yankan ciyawar ƙofar gida. Wanda ya ƙi biya, tana iya ɗora bashin a kan gidansa, a wasu lokuta har ta nemi a sayar da gidan. Cibiyar Community Associations Institute, wadda aka kafa a 1973, ta ƙiyasta cewa irin waɗannan ƙungiyoyi sun haura 350,000 a Amurka, da mutane sama da miliyan 70 a ƙarƙashinsu, alhali a 1970 ba su wuce kusan 10,000 ba. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne, mafi yawan masu tafiyar da su maƙwabta ne 'yan sa-kai da ba a biyansu ko sisi, waɗanda cibiyar ta ce adadinsu ya wuce miliyan 2.

Unguwa mai irin wannan tsari tana buƙatar hanyar isar da labari, kuma a yau manhajar da ta fi shiga wannan gurbi ita ce Nextdoor. An kafa kamfanin a San Francisco, ya buɗe wa jama'ar Amurka a 2011 ƙarƙashin jagorancin Nirav Tolia, ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2021, yanzu kuma yana aiki a ƙasashe 11, ciki har da Birtaniya da Faransa da Jamus da Kanada. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinsu, saboda haka wannan sharhi ya fi shafar 'yan uwa mazauna waɗancan ƙasashe da masu shirin komawa can. Hukuncina, a matsayina na mazaunin ɗaya daga cikin waɗannan unguwanni kuma mai halartar tarurrukan ƙungiyarmu, shi ne manhajar gwana ce wajen kai labarin gaggawa, tana da matsakaicin amfani ga harkokin ƙungiya, sannan tana da rauni ƙwarai wajen fito da mutane daga gidajensu su yi wa unguwa aiki.

Rajista kyauta ce, amma ana neman sunan gaskiya da adireshin gida, kuma kamfanin yana tantance adireshin ta lambar waya ko ta katin da yake aikowa akwatin wasiƙa ɗauke da lambar sirri. Wannan shi ne babban abin da ya bambanta ta da Facebook, domin mai magana da kai mutum ne da ke kwana a kusa da kai, mai yiwuwa ma ka san motarsa. Bayan haka sai a saka ka cikin unguwa mai iyaka a taswira, kana ganin saƙonninta da na unguwannin da ke maƙwabtaka da ita. Akwai sashen saye da sayarwa da kyautar da kaya, akwai na tarurruka, akwai na ƙananan rukunoni, hukumomi irin su 'yan sanda da 'yan kwana-kwana kuma suna iya aiko da sanarwa ba tare da sun ga hirar da mazauna ke yi a tsakaninsu ba.

Inda ta fi cancantar yabo shi ne lokacin masifa, kuma yankin Houston bai rasa irin wannan lokaci ba. A Agustan 2017 guguwar Harvey ta kawo ambaliya, a Fabrairun 2021 tsananin sanyi ya katse wuta ya kuma farfasa bututun ruwa a gidaje, sannan a ranar 8 ga Yulin 2024 guguwar Beryl ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan 2 cikin duhu a tsakiyar zafi. A irin waɗannan ranaku labarin da mutum yake nema ƙarami ne kuma na kusa: wane titi ne ruwa ya rufe, wane gidan mai ne ke da fetur, wane kanti ne ya rage da ƙanƙara, wa ke da janareta da zai bari a ajiye maganin ciwon suga a firijinsa. Gidan talabijin ba ya sauka zuwa wannan mataki, ƙungiyar unguwa kuma sai kwamiti ya zauna kafin ta ce uffan. A nan maƙwabci ke rubuta abin da ya gani da idonsa cikin minti ɗaya, wani ya gyara masa idan ya yi kuskure, wani kuma ya nuna wa sabon zuwa inda ake rufe ruwan gida daga bakin mita. A farkon annobar korona a 2020 kamfanin ya ƙara wata taswira da masu son taimako ke sa alama a kanta domin tsofaffi su san wanda zai yi musu cefane, kuma tunani ne mai kyau. A ranakun lafiya ma tana da amfani wajen neman mai gyaran famfo ko na'urar sanyaya ɗaki wanda maƙwabta suka gwada suka yarda da shi, da kuma cigiyar karnuka da kyanwoyi, wadda ita kaɗai takan cika shafi.

Da zarar an zo kan harkar ƙungiya kanta, sai iyakar manhajar ta bayyana. Da farko, taswirar Nextdoor ba lallai ta yi daidai da iyakar ƙungiya ba, saboda haka sanarwar gyaran wurin ninƙaya takan isa ga mutanen da ba su da hannu a ciki, su kuma su cika ta da ra'ayi. Na biyu, doka ba ta san ta ba. Babi na 209 na dokar kadarori ta Texas ya wajabta a yi zaman kwamitin gudanarwa a buɗe, kuma tun gyaran 2021, idan ba ta gidan waya aka aika sanarwa ba, dole a manna ta a unguwa ko a shafin ƙungiya, a kuma tura imel ga waɗanda suka ba da adireshinsu, aƙalla sa'o'i 144 kafin zaman da aka saba yi. Haka nan kafin a ci mutum tara, sai an aika masa wasiƙa mai rajista. Saƙo a manhaja ba ya maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa kwamitoci da yawa, bisa shawarar lauyoyinsu, ba sa amsa tambaya a can ko kaɗan. Sakamakon haka shi ne wani yanayi mai ban takaici, inda ake ta muhawara kan ƙarin kuɗin shekara har tsakar dare, alhali waɗanda ke riƙe da littafin kuɗin sun yi shiru, jita-jita kuma ta riga takardar gaskiya isa kowane gida.

Akwai kuma tsarin shafin kansa. Kamfanin da talla yake samun kuɗi, saboda haka tallar kamfanonin rufin kwano da na tsaron gida tana shiga tsakanin saƙonnin maƙwabta, kuma saƙon da ya tayar da ƙura ya fi saurin hawa sama fiye da wanda ke neman mutum biyar su zo su share magudanar ruwa. Saƙonnin imel da take turowa suna da yawa idan mutum bai shiga saituna ya rage su ba, kuma wannan shi ne abu na farko da nake ba kowane sabon mai amfani shawarar ya yi.

Sai dai ya kamata a yi wa manhajar adalci a wani gefe da ba a cika ambata ba. A ƙungiyar masu gidaje mai gida ne kawai ke da ƙuri'a, ɗan haya kuwa ko ya shekara goma a unguwar ba shi da ta cewa, wani lokaci ko takardar labarai ba ta zuwa da sunansa. A Nextdoor mazauni mazauni ne, kuma ƙungiya ba ta da ikon goge sukar da aka yi mata. Ga baƙi irinmu, waɗanda da yawa da haya muke farawa, wannan ƙofa ce ta sanin abin da ke gudana tun kafin a mallaki gida.

Batun 'yan sa-kai shi ne ya fi damuna, domin a kansa rayuwar irin wannan unguwa ta rataya. Ana buƙatar shugaba da sakatare da ma'aji, ana buƙatar kwamitin duba gine-gine mai karɓar takardar duk wanda zai canja fenti ko ya kafa rumfa, ana buƙatar masu shirya bukukuwa da masu tarbar sababbin maƙwabta da iyayen da za su riƙe agogo a gasar ninƙayar yara da rani. Gyaran dokar 2021 ya ma ƙara buƙatar, domin a ƙungiyar da ta wuce filaye 40 an hana ɗan kwamitin gudanarwa ko matarsa ko mijinta zama a kwamitin gine-gine, wato dole a nemo wasu mutanen daban. Abin da nake gani a unguwarmu shi ne, idan aka sa kiran neman taimako a manhaja, alamun yabo sukan yi yawa, kalaman fatan alheri su biyo baya, amma ranar aiki fuskokin da aka saba gani su ne dai ke fitowa, akasari dattawa da suka yi ritaya da wasu iyaye mata ƙalilan. Wanda ya san aikin gayya a gida ya san cewa ba shela ce ke tara mutane a gona ba, zuwan mai gona ƙofar gidanka ya roƙe ka da bakinsa shi ne ke sa ka ji nauyin ƙin zuwa. Manhajar ta cire wannan nauyin, domin kiran da aka yi wa mutum dubu ba a yi wa kowa ba. Taron shekara na ƙungiya ma haka yake: idan adadin masu halarta bai kai abin da kundin ƙungiya ya gindaya ba, ba a iya zaɓe, kuma har yanzu hanyar da ta fi cika wannan adadi ita ce 'yan kwamiti su bi gida gida da takardun wakilci a hannu.

Misali mai kyau shi ne bikin National Night Out, wanda aka fara a 1984 domin haɗa maƙwabta da 'yan sanda a wajen gidajensu. Yawancin Amurka na yin sa a Talatar farko ta Agusta, amma a Texas an fi yin sa a Talatar farko ta Oktoba saboda zafi. Nextdoor tana da amfani wajen tunatar da rana da sa'a, amma masu ɗauko tebura da masu gasa nama da masu tattara shara bayan an watse, duk ta waya ko a bakin shinge ake samo su. Ita kanta manhajar a kan 'yan sa-kai ta dogara, domin maƙwabta ne ke duba saƙonnin da aka kai ƙara su kaɗa ƙuri'ar gogewa ko bari, kuma ingancin wannan aiki ya danganta ga halin mutanen da suka karɓe shi a kowace unguwa.

Akwai abu guda da bai kamata baƙar fata ya shiga manhajar bai san shi ba. A 2015 mazauna Oakland a Kalifoniya sun fito fili da ƙorafin cewa sashen tsaro na manhajar ya zama wurin da ake kai rahoton baƙaƙen fata don kawai an gan su suna tafiya a titi ko suna zaune cikin mota. A 2016 kamfanin ya sauya fom ɗin rahoto, inda ya tilasta wa mai rubutu ya fara bayyana abin da mutumin ya aikata, idan kuma zai ambaci launin fata sai ya haɗa da wasu siffofi kamar tufafi da takalmi, kuma ya ce hakan ya rage matsalar da kashi 75 cikin ɗari a wuraren gwaji. A 2019 ya ƙara tunatarwa da ke fitowa idan kalamai sun yi kaushi, a 2020 kuma ya cire maɓallin tura saƙo kai tsaye ga 'yan sanda. Matakai ne na gaske, na kuma yaba da su, amma fom ba ya canja zuciyar mai kallo ta taga, musamman yanzu da kyamarorin ƙofa suka yawaita, ake kuma ɗora hoton duk wanda ya ƙwanƙwasa. Ba a manta cewa a wata unguwa mai ƙungiya a Sanford ta jihar Florida ne ɗan sintirin sa-kai ya harbe wani matashi baƙar fata mai suna Trayvon Martin a 2012 ba. Saboda haka iyalin da ke da samari matasa, ko masu karɓar baƙi da yawa ranar Sallah da ranar suna, gara maƙwabta su san su ido da ido tun da wuri, su kuma sanar da na kusa idan motoci za su cika titi, domin ƙa'idar ajiye mota na cikin abubuwan da suka fi haddasa ƙorafi.

Shawarata ga wanda ya tare a irin wannan unguwa ita ce ya yi rajista a Nextdoor, ya rage sanarwa zuwa ta gaggawa da ta unguwarsa kaɗai, ya kuma duba saitunan da ke nuna wa wasu adireshinsa. Bayan haka ya ba ƙungiya ko kamfanin da ke kula mata da ofis adireshin imel ɗinsa a rubuce, domin ta nan sanarwar zama da kasafin kuɗi ke zuwa, ya karanta kundin ƙa'idoji kafin ya taɓa fenti ko shinge. Ga 'yan kwamiti kuwa, su yi amfani da manhajar wajen maimaita sanarwar da suka riga suka fitar ta hanyar doka, tare da nuna inda cikakkiyar takardar take, su bar neman ma'aji da 'yan kwamitin gine-gine ga kiran waya da ziyara.